Kafin a Ɗaura Maka Igiya

Ɗan Goggo,

Ka yi haƙuri da wannan takarda. Na san ba ka taɓa samun saƙo da rubutuna ba, na kuma san aiki ya yi maka yawa a ƙasar mutane, ga shi na zo zan ƙara maka da karatun hannun da ya daɗe bai riƙe alƙalami ba. In ka ga wasali ya ɓace ko layi ya karkace, ka cika da kanka, kai ne gwanin rubutu. Da akwai wanda zai iya isar maka da abin da ke cikinta a madadina, da na bar masa kamar yadda na saba, ban dame ka ba. Na duba, babu.

Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa daga nan Tudun Wada. Allah ya sa ta same ka cikin lafiya da sutura, a tsakanin mutane masu tausayin baƙo. Mahaifinka Malam yana lafiya, gida duk lafiya, alhamdu lillahi. Labarin unguwa shi zai ba ka a tasa takardar, ni ba shi na zauna rubutawa ba.

Takardarka ta iso ranar Laraba da hantsi. Malam ya zauna a tsakar gida ya karanta da ƙarfi, ina bakin murhu ina ji. Muka ji kun kusa gama rubutun sunayen garuruwan da ya kai ku can ƙasar Turawa, kai da Baturen awon ƙasa da kake wa tafinta, wanda mutanen nan ke kira Mai Sarƙa saboda sarƙar da yake awo da ita. Muka ji kuma in kun gama, sanyinsu ya ja baya, zai ɗauke ka ku ƙetare zuwa wata ƙasa mai duwatsu, Suwizalan in Malam ya karanta daidai, inda ƙanƙara ke zaune a kan dutse rani da damina ba ta narkewa, ku yi kwanaki kuna hawa da ƙafa. Ka ce ba aiki ba ne, kallo ne kawai. Nan Malam ya ajiye takardar a cinyarsa ya ce, "Mutum ya bar ɗakinsa da wutarsa, ya je ya hau dutse don kawai ya sauko. Allah da ya yi Bature shi ya san abinsa." Ya yi ta dariya. Ni ban yi ba, don na taɓa hawan dutse saboda kallo, kai ma kana wurin.

Da ya fita masallaci na ɗauki katin nan mai hoto da ka saka a ciki, na kai shi bakin ƙofa wurin haske. Na ga abin da ka kira kogin ƙanƙara, fari fat, ya gangaro tsakanin duwatsu biyu ya tsaya cak, duk ya tsattsage kamar ƙasan tafki in ya ƙafe. Na ga mutum huɗu a kansa, ƙanana kamar tururuwa, kowa da sandarsa. Sai da na daɗe ina kallo na lura da wani zare da ya haɗa su. Ka rubuta cewa igiya ce, ana ɗaura wa kowa a ƙugu, domin in ƙanƙara ta buɗe da ɗaya sauran su riƙe shi. Tun ranar igiyar nan ba ta bar raina ba. Maganar ƙafarka ta hagu ce ta sa na nemi tawada. Zan zo kanta, amma ka bar ni in bi ta doguwar hanya, ban saba yi maka magana kai tsaye ba. Da na ce wa Malam ya ara mini alƙalami, sai ya tambaye ni wai yau kuma allo za a koma. Na ce e, akwai inda na tsallake.

Ni dai ƙanƙarar da na sani ita ce wadda ke zubowa da ruwan farkon damina. Shekarar da aka kawo ni gidan Malam, muna cikin birni tukuna, ya tafi Kano ƙarin karatu, sai aka yi wata manya-manya kamar ƙwan kurciya. Na fita da tasa na tsince ta, na rufe da faifai, na tura ƙarƙashin gado, wai zan ajiye masa ya gani in ya dawo. Ko la'asar ba a yi ba na leƙa na tarar da ruwa. Na zauna na yi kuka kamar an yi mini sata. Goggo, yayar Malam da ta rene ka, Allah ya ji ƙanta, ta yi ta ba mutane labarin nan har ta bar duniya. Da Malam ya dawo ya ce to yaya take, sai na ga ban san yadda zan kwatanta masa ba, don lokacin da ya kamata in tsaya in dube ta na ƙarar da shi wajen tsinta.

To kai kada ka yi irin tawa. Kada hankalinka ya tafi kan abin da za ka ɗauko mana na tsaraba. Ka tsaya ka duba da kyau. Ka ga launinta da safe, ka ga launinta da yamma. Ka saurara ko tana da ƙara. Ka duba ko tsuntsu na kaiwa can sama, da abin da mutanen gindin dutsen ke nomawa, da yadda shanunsu suke. Ka yi tasbihi, don kallon halittar Allah da tunani shi ma ibada ne. In ka dawo sai ka ba Malam labari a tsakar gida, da ƙarfi, yadda na bakin murhu zai ji.

Abu ɗaya dai na riƙe daga wannan ranar. Da na damƙe ƙanƙara a tafin hannuna, da farko cizo ta yi, sannan ta yi zafi kamar garwashi, sannan ta yi shiru. Hannun ya zama kamar na wani. Ka riƙe mini maganar shirun nan, za mu dawo kanta.

Muna yara a makarantar mahaifina, da muka kai babin taimama, aka lissafa mana abubuwan da mutum zai iya buga hannu a kai in ruwa ya gagara ko zai cuce shi. Aka ce ƙasa, aka ce dutse, har aka ce ƙanƙara. Na rufe baki da gyale na yi dariya, na raɗa wa ta kusa da ni cewa wa zai tsaya tsintar ƙanƙara ɗaya-ɗaya don taimama, ai kafin ya tara ta zama ruwa, sai ya yi alwalarsa ya huta. Mahaifina ya ji. Bai doke ni ba, ya ce mini kawai ƙasar Allah ta fi Zazzau faɗi. Shekara talatin da wani abu ke nan. Sai ranar Laraba, da katin nan a hannuna, na gane ashe akwai waɗanda aka rubuta wa wannan layin, kuma kana cikinsu.

Ka san halina da tsarki, ba sai na faɗa maka ba. In wanke hannu sau uku, in yi shakka, in koma farko. Shekarar da muka tashi daga birni muka dawo Tudun Wada, zazzaɓi ya kama ni da ciwon ƙirji. Malam ya ce in bar ruwa, in yi taimama. Na ce to a bakina, amma a raina na ga kamar ragwanci ne, kamar sallar ba za ta karɓu ba. Na riƙa lallaɓawa da asuba ina alwala da ruwan randa. Ciwon da zai yi mako ya yi wata biyu, har salla ta koma ina yin ta a kwance da nuni. Da na samu sauƙi Malam ya zauna a bakin gado ya ce, "An ba ki rangwame ƙarami kin raina, ga shi kin karɓi babba dole." Gaskiya ya faɗa.

Na ga wannan halin a jikinka, daga wurina ka ɗauko shi. Saboda haka ina roƙonka, a kan dutsen nan kada ka cire takalmi don wanke ƙafa da ruwan ƙanƙara. Ka yi cikakkiyar alwala a masauki da ruwan ɗumi, ka sa huffi a kanta, daga nan shafa ta ishe ka. In alwalar ma ta gagara, ga dutse ga ƙanƙara, ka yi taimama da zuciya ɗaya. Matafiyi kake, ka yi ƙasaru, ka haɗa azahar da la'asar. Malam ya ce in faɗa maka a can alƙibla ba gabas sak take ba, ta karkata kudu, ka roƙi Mai Sarƙa ya duba maka da abin nan nasa mai allura. Kuma kada ka kwance igiya don salla a inda jagoransu, ɗan ƙasar da ya san hanya, bai ce a kwance ba. Ka faɗa masa tun da safe cewa kana da lokutan da kake tsayawa, shi zai zaɓa maka wuri. Wanda ya wajabta sallar shi ya yi sauƙin, ba ka fi shi sanin abin da yake so ba. Ni na gwada.

Ka ci abinci kuma. Na taɓa zuwa barka wani ƙauye bayan Dutsen Abba da ƙafa, aka dama mini fura na ce na ƙoshi, alhali ko karyawa ban yi ba. A hanyar dawowa jiri ya kayar da ni, mata uku suka sha wahalar ɗaukata, ga nasu 'ya'yan a baya. Furar da na ƙi don kada in dami mutum ɗaya, ta sa na dami uku. Ka ce akwai madara da cuku da burodi da ƙwai a can, duk halal ne, ka ci ka ƙoshi. Abin da ka yi shakka ka bar shi ba tare da ɓata fuska ba. In sun miƙo maka abin shansu wai maganin sanyi, ka yi godiya ka nemi shayi.

Maganar sanyi ban yarda da sanina ba, sai na sa Malam ya kira maƙwabcinmu Saje zaure. Ka tuna shi, tsohon sojan nan da aka kai su yaƙin Turawa can gabas bayan teku. Na tsaya bayan ƙofa ina ɓarar gyaɗa. Ya ce ya ga irin dutsen da idonsa daga nesa, da farar hular ƙanƙara a kansa, sun kuma ratsa wasu tuddai masu sanyi. Ya kawo labarai da yawa, har da zakin da wai ya kora da butar shayi. Malam ya ce maganar Saje sai an sheƙe ta kafin a dafa. Amma da aka zo kan sanyi muryarsa ta sauka, dariyar ta tafi. Ya ce daga yatsun ƙafa yake farawa. Ya ce, "Malam, wanda ke ihu ƙafarsa na ciwo, wannan da sauransa, ba ma damuwa da shi. Wanda ya ce ya daina jin komai, shi muke cire wa takalmi da sauri." Ya ce akwai wanda ya yi shiru, da aka duba yatsun sun yi baƙi. Akwai kuma wanda ya miƙa ƙafar a wuta don ta yi ɗumi, ta ƙone bai sani ba. Ya ce ba a kai irin wannan ƙafa wuta, a jikin mutum ake ɗumama ta, a cikin riga, a hankali.

Ina bayan ƙofa gyaɗar ta zube daga cinyata. Don na san mutum ɗaya da gefen ƙafarsa ya riga ya daina jin komai tun kafin ya ga ƙanƙara, wanda kuma ko yana ji ba zai faɗa ba.

To ga mu mun iso.

Kai ne ɗan farina. Ka san yadda muke. Ban taɓa kiran sunanka ba, ban taɓa ɗaukarka a gaban mutane ba, da aka yaye ka Goggo ta tafi da kai ɗakinta. In zan ba ka abinci sai in ajiye in ce wani ya zo ya ɗauka. Ban ga laifin wannan ba, haka uwata ta yi wa yayana, kuma ta fi kowa son sa. Amma akwai ranar da ya kamata in ajiye kunyar nan a gefe, ban ajiye ba.

Shekarar da hanyar jirgin ƙasa ta iso Zariya ce, kana da shekara bakwai. Aka yi bikin wata 'yar dangin Malam a ƙauyen da ke gindin Kufena, muka tafi mu mata da yara. Bayan an ci abinci wata ta ce daga kan dutsen ana hango ganuwa gaba ɗaya, har da hayaƙin jirgi. Yawancinmu ba mu taɓa ganin jirgin ba, kukansa kawai muke ji daga cikin gida. Muka ɗaure zane muka kama hawa. Goggo ta ce gwiwarta ba za ta iya ba, ta zauna a inuwa, ta ce ka bi mu.

Mun kuwa gani. Birni ya kwanta a ƙasa kamar tabarma, rimaye sun zama kamar tsiron gero, can nesa hayaƙi yana tafiya a daji kamar ana jan baƙin zare. Iska tana ɗaga mana gyale. Ba zan ɓoye maka ba, ban taɓa jin daɗi irin na wannan sa'ar ba, shi ya sa ban yi wa Mai Sarƙa dariya ba. Na san abin da ke kai mutum sama.

Wajen hawa mun bi a hankali, kowa na duba inda zai taka. Wajen sauka kuwa la'asar ta matso, muka taho da sauri da hira, kowa na ganin ai an gama. Ƙafarka ta faɗa tsagar dutse ka fizge ta. Ban ga lokacin ba, jinin na gani. Ina bayanka, duk takun da ka yi sai ka bar sawu ja a kan dutse. Ka waiwayo ka dube ni. Ba ka yi kuka ba, jira kake ka ga abin da zan yi.

Sai wata daga cikin matan, mai yawan tsokana, ta ce, "Amarya," haka suke kirana har lokacin, "ba ɗanki ne ke ɗingishi ba? Je ki goya shi mana mu gani."

Suka tsaya suna kallona suna murmushi. Ba mugunta suke ba, ba su ga jinin ba, gwada ni kawai suke. Na ce, "Wane ɗa? Ɗan Goggo dai." Na kau da kai.

Suka yi shewa, suka ce yarinyar nan akwai kunya, an san gidan da ta fito. Kai kuwa ka juya ka ci gaba da sauka, ɗingishin ma ka daina. Kafin mu kai ƙasa, turɓaya ta toshe ciwon, jinin ya tsaya. Goggo ba ta lura ba. Ba ka faɗa ba, ban faɗa ba. Na ce a raina in mun isa gida zan san yadda zan raɗa mata, da muka isa na ce ai kai za ka nuna mata. Da wannan ƙafar ka taka har birni. Kwana uku ta kumbura, kwana bakwai ta fara wari, aka kira wanzami. Ya cire ɗan ƙaramin yatsa da na kusa da shi. Tun daga nan gefen ƙafar, daga inda yatsun suke har diddige, ba ya jin ƙaya ba ya jin wuta.

Wanzami na aikinsa ina ɗaki, na cusa zane a baki. Ban ji muryarka ba ko sau ɗaya. Maza suka yi ta yabonka a zaure, wai an haifi jarumi. Ni na san inda ka koyo. A kan Kufena ka koya, a fuskata, cewa in mutum ya ji ciwo kau da kai ake yi.

Da yamma Goggo ta shigo ta rufe ƙofa. Ta ce, "Kin gani a kan dutsen?" Na ce na gani. Sai ta ce, "Ni na riƙe shi, amma ba na wurin. Ke kina wurin da idonki biyu." Ba ta ƙara ba, ba ta kuma faɗa wa Malam ba. Ni na faɗa masa da bakina, bayan shekaru. Na sha neman gafarar Allah a kan wannan rana. Kai ne ban taɓa nema wurinka ba, don neman ma sai an yi magana. Yau ina nema. Ka yafe mini.

Amma ba don yafiya kaɗai na rubuto ba, ita ko a lahira ana iya nemanta. Na san Mai Sarƙa bai san da ƙafar nan ba. Ranar da za ku tafi ina bayan ƙofar zaure lokacin da Malam ya tambaye ka ko ya sani. Ka yi dariya ka ce, "Baba, Bature taku yake ƙirgawa, ba yatsu ba." Malam ya yi dariya, maganar ta wuce. Na san dalilinka. Kana tsoron in ya sani zai ce ba ka isa tafiyar awo ba, ya nemi wani. Takalmin Turawa kuma ya rufa maka asiri shekara shida.

A dajin nan na ƙasarmu ƙafarka ce, kai ka san yadda kake da ita. Can kuwa igiya za a ɗaura. Mutanen nan da na gani a hoto, kowannensu ya ba na gabansa da na bayansa amanar ransa. Jagoran zai dube ka ya ga saurayi mai ƙarfi, ya sa ka inda ake sa masu ƙarfi, ya dogara da ƙafar da ba ta san inda ta taka ba. In ta zame ba kai kaɗai za ka tafi ba. Jagoran ma yana da uwa a gindin dutsen nan, wataƙila tana bakin murhu. Ka san hukuncin wanda ya sayar da dabba ya ɓoye aibinta, Malam ya koya maka. To wannan ya fi dabba.

Ga abin da nake so ka yi, kuma ban taɓa ce maka ina son komai ba. Kafin a ɗaura maka igiya, tun kuna masauki a ƙasa, ka zaunar da Mai Sarƙa da jagoran. Ka cire takalmin hagu da safa a gabansu. Ka nuna musu inda yatsun suke da, ka ja yatsanka a kan gefen da ba ya ji, daga farko har ƙarshe, kada ka rage. Kada ka mai da shi wasa kamar yadda ka yi wa Malam. Sannan ka yi shiru ka ji abin da jagoran zai ce, shi ya san dutsensa, ya fi ka ya fi Mai Sarƙa. In ya ce ka tsaya a ƙasa, ka tsaya, daga ƙasa ma ana ganin dutse, kuma ba wanda zai tambaye ka a nan ko ka kai ƙololuwa. In ya ce ka zo, to ka je da izinin Allah, amma duk inda aka tsaya hutu ka duba ƙafar da idonka, tunda ita ba za ta faɗa maka ba. Kada sauƙin shafa a kan huffi ya sa ka wuni ba ka gan ta ba, gara ka cire ka duba ka yi taimama daga baya. In ka ga ta yi fari ko ta yi tauri, ka faɗa nan take, da ƙarfi, ko da saura taku goma a kai sama. In ka gaji ka ce ka gaji. Wajen saukowa kuma ka fi kula, a nan ne hankali ke riga mutum isa gida.

Maganar aiki, shekara shida kana bin mutumin nan da wannan ƙafar, daga nan har duwatsun Bauci, bai taɓa jiran ka a hanya ba. In mai adalci ne ya riga ya ga abin da take iyawa. In kuma ya sallame ka, ɗakinka na nan, na sa an yi masa sabon daɓe.

Za ka ga ƙunshi tare da takardar nan, huffi ne, na sa baduku ya ɗinka da fatar akuya mai laushi. Na hagun na cusa masa auduga da hannuna a gurbin yatsun, don kada ƙafar ta riƙa yawo a ciki. Kada ka yi mamakin yadda na san awonka. Ranar da ka tafi an yi ruwa da safe, ka yi alwala a bakin rijiya ka taka tsakar gida ba takalmi. Da kuka fita rakiya na ɗauki zare na auna sawun, na ƙulla, na ajiye a cikin jakar Alƙur'anina. Tun daga Kufena ban fasa duba sawunka ba. Faɗa ne kawai ban yi.

Allah ya tsare ka a hawa ya tsare ka a sauka. Ya tsare na gabanka da na bayanka a igiya, da jagoranku, da Mai Sarƙa. Ya riƙe ƙanƙarar a ƙarƙashin ƙafafunku, ya nuna maka abin mamakinsa ka gani da idon godiya, ya ƙetarar da kai tekun nan biyu lafiya, ya dawo mana da kai da yatsunka takwas cif. Kullum bayan salla ina yi, zan kuma ƙara.

Akawun gidan waya ya ce takarda na yin wata guda a hanya, na ƙirga na ga za ta same ka kafin ku tashi, in Allah ya so. A ƙarshen takardunka kakan ce a gaida mutanen gida. Ina ji, ina kuma ɗaukar rabona a ciki. Amma wannan karon ina son tawa ni kaɗai, ko layi biyu ne, ka rubuta cewa ka cire takalmin sun gani, da abin da jagoran ya ce. Ba sai Malam ya karanta mini ba, zan iya.

Bakina har yanzu ba zai iya kiran sunanka ba. Na gwada ɗazu ni kaɗai a ɗaki, ya ƙi. Amma na ga alƙalami ba shi da wannan nauyin.

Haruna, ɗana, ni ce mahaifiyarka. Ka ba ni amsa da wuri.